Ɗalibai Sun Shirya Taro, Wa Zai Sayi Man Janareta?

Wata ranar Talata cikin zangon karatun da ya gabata, na fito daga aji na tarar da ɗalibai biyar suna jirana a ƙofar ofis, uku maza biyu mata, dukkansu masu neman digiri na biyu da na uku a fannin harshe. Babbansu, wani malamin sakandare da ban girme shi da shekara uku ba, shi ne ya miƙo mini takarda mai shafi uku, ya ce, "Malam, shawara muka zo nema." Na karɓa ina murmushi, domin shekarun da na yi ina koyarwa sun nuna mini cewa shawarar da aka zo nema da takarda a hannu, ƙarshenta lissafin kuɗi ne. Haka kuwa aka yi, lissafin na nan a shafi na uku. Sai dai abin da ke cikin shafuka biyun farko shi ya sa na ja kujera na zauna, na sake karantawa a tsanake.

So suke su shirya taron bita na kwana biyu a kan yadda ake naɗar magana daga bakin masu harshe, da yadda ake rubuta ta a warware ta kalma bayan kalma, har ta zama hujjar da za a iya kafawa a cikin kundi. Biyu daga cikinsu suna aiki a kan kare-karen harshen Hausa, ɗaya tana bin Warjanci, ɗaya Bolanci, na biyar kuma yana nazarin Hausar 'yan tasha. Sun lura cewa matsala guda ce ke damun kowannensu, amma kowa na fama da ita shi kaɗai a ɗakinsa. Don haka suka yi niyyar gayyato wani malami daga wata jami'a, wanda ya daɗe a wannan aiki, ya yi musu lacca da safe, da rana kuma kowa ya saka abin da ya naɗo a saurara, a yi masa gyara a gaban 'yan'uwansa. Abin da suka lissafa shi ne man janareta, da kuɗin motar baƙo da masaukinsa, da shinkafa da ruwan sha na mutum 30, sai kuɗin buga maƙalun a ɗan littafi. Jimlar duka ba ta kai kuɗin tikitin jirgin mutum ɗaya zuwa Landan da dawowa ba.

Na ɗauki takardar da kaina, ina ganin ai abu ne na kwana biyu. Shugaban sashe ya yaba matuƙa, ya ce amma abin da ake ba shi na tafiyar da sashe ko takarda da tawadar buga jarrabawa ba ya isa. Aka tura ni tsangaya, tsangaya ta ce ai waɗannan 'ya'yan makarantar gaba da digiri ne. Can kuma aka ce aikinsu rajista ne da jarrabawa da tantance kundi. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ya tambaye ni ko ƙungiya ce mai rajista, ko kuwa bikin al'ada za a yi. Daga ƙarshe wani dattijo a ofishin kuɗi, mutumin kirki da na daɗe da sani, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Dakta, ba ƙi muka yi ba. Gaya mini a ƙarƙashin wane kai zan rubuta shi." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin ilimi." Ya yi dariya, ya ce babu wannan kan a littafinsa.

Ban kawo wannan labari don in muzanta kowa ba, kuma ba zan ambaci jami'ar ba, domin abokan aikina na wasu jami'o'in sun ba ni labarin da ya yi kama da nawa kamar an tsaga kara. Babu wanda ya yi wa ɗaliban nan mugunta. Abin da suka nema ne ba shi da suna a tsarin kasafinmu, kuma a aikin gwamnati abin da ba shi da suna ba a fitar masa da kwabo. Ƙarshenta dai karo-karo aka yi, ni da abokan aiki biyu muka sa hannu a aljihu, ɗaliban suka cika. Kwana biyu ya koma wuni guda, baƙon ya sayi man motarsa da kansa, maganar buga littafi kuwa aka shafa mata fatiha. Duk da haka, ban halarci wani zama a shekarar ba da na ƙaru da shi kamar wannan.

Mu da muke fannonin harshe da adabi da tarihi da falsafa, an saba yi mana kallon mutane masu arha, waɗanda allo da alli sun ishe su. Manufar ilimi ta ƙasa ma ta daɗe da tsara a ba fannonin kimiyya kashi 60 cikin 100 na guraben shiga jami'a, a bar wa sauran kashi 40, kuma ba jayayya da wannan na zo yi yau ba. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, masanin kimiyya yana gwada tunaninsa da kwalba da sinadari, mu kuwa muna gwada namu ne a gaban mutanen da suka karanta abin da muka karanta, masu iya ɗaga hannu su ce, "Ba haka ba ne, ga dalili." Zauren muhawara shi ne ɗakin gwajinmu. Jami'ar da ta yarda cewa ɗalibin kimiyya na buƙatar kayan gwaji, amma ta ga kuɗin zauren muhawara almubazzaranci ne, ta ɗauki ɗalibin harshe ta ɗaure masa hannu ta ce ya yi noma.

Wani zai ce ai akwai taron ƙara wa juna sani da kowane sashe ke yi, inda ɗalibi ke gabatar da wani yanki na kundinsa. Haka ne, ina ma cikin masu zama a kujerun gaba. To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan zama jarrabawa ce da aka sa wa rigar muhawara. Ɗalibi ya kwana bai yi barci ba, malamai su yi masa rubdugu, wani lokaci ma tsohuwar gabar da ke tsakanin malamai biyu ce ake saukewa a kansa. 'Yan'uwansa ɗalibai kuwa sun yi tsit, kowa na tsoron in ya yi tambaya mai zafi za a rama a kansa ranar da layi ya zo kansa. A irin wannan zama ɗalibi yakan koyi kare kansa da sunkuyar da kai. Ba ya koyon yadda ake haɗa mutane a kan tambaya guda, a fito da amsar da ta fi wadda kowa ya shigo da ita.

Wannan kuwa sai da shirya taro ake koyonsa. Ɗalibin da aka ce ya zaɓi jigon taro, dole ya san inda fanninsa ya tsaya da inda yake da giɓi. Wanda aka ba tsakuren maƙala 40 da aka cire sunayen marubutansu, aka ce ya zaɓi 15, ranar zai gane bambancin maƙala mai hujja da mai yawan kalmomi, kuma wataƙila ya tarar ya yar da ta amininsa ba tare da ya sani ba. Wadda aka ɗora wa riƙon lokaci, za ta koyi yadda ake miƙa wa farfesa 'yar takarda cewa saura minti biyu, cikin ladabi amma ba da wasa ba. Na ga hannun ɗalibarmu na rawa lokacin da ta miƙa wa baƙonmu irin wannan takarda, na kuma ga yadda ya karanta ya gyaɗa kai ya taƙaita. Bayan taro ga gyaran maƙalu, ga bin marubuta su maido da gyara, ga haɗa rasidai a kai wa wanda ya ba da kuɗi. Babu kwas ɗin da muke koyar da waɗannan abubuwa, alhali su ne rabin aikin malamin jami'a. Muna ba mutum digiri na uku yau, gobe mu ce ya shirya taron ƙasa ko ya zama editan mujalla, sa'annan mu yi mamaki in ya yi shirme.

A fannina na kimiyyar harshe akwai misalan da suka isa a tsaya a dube su. Lokacin da nake rubuta kundin digirina na uku, na yi ta cin karo da manazarta daga littattafan tarukan wasu ƙungiyoyi na Amurka, na ɗauka manyan farfesoshi ne ke tafiyar da su. Sai daga baya na gano ashe ɗalibai ne irina. Ƙungiyar nazarin harshe ta Jami'ar Chicago, wadda ake kira CLS, an kafa ta ne a 1951, ta fara taronta na shekara-shekara a 1965, kuma ɗaliban gaba da digiri ne ke shirya taron, su tace maƙalu, su gyara, su buga. A taronta na 1969 John Ross ya gabatar da maƙalarsa a kan tambayoyin da ake gutsurewa a ginin jimla, irin a ce "wani ya zo, amma ban san ko wa ba", batun da har yau masana ginin jimla ba su gama da shi ba. A na 1972 George Lakoff ya kawo tasa a kan kalmomin da mai magana ke sassauta zancensa da su. Ɗaliban Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka kafa tasu, BLS, suka yi taron farko a 1975, inda Charles Fillmore ya gabatar da ɗaya daga cikin maƙalunsa na farko-farko a kan yadda ma'anar kalma ke rataye da yanayin da ake amfani da ita. Sun shafe fiye da shekara 40 suna wannan taro, kuma a 1991 sun ware zama na musamman a kan tsarin harsunan Afirka. Haka nan taron NELS, wanda aka fara a 1970 a MIT, yana zagaya jami'o'in arewa maso gabashin Amurka da Kanada, ɗaliban jami'ar da ta karɓi baƙunci ne ke ɗaukar yawancin nauyinsa.

A lura, manyan malamai ne ke aiko da maƙala, ɗalibai su karɓa ko su mayar. A wajenmu wannan zai yi kama da rashin kunya. A wajensu kuwa hanya ce ta yaye ɗalibi, kuma babba bai ga ya faɗi ba don ƙaramin ya ce masa ya gyara shafi na huɗu.

Ba da iska ake waɗannan taruka ba. Kuɗin rajista da na sayar da littattafan taro suna taimakawa, amma ginshiƙin shi ne jami'a ta tanadi ƙofar da ɗalibi zai ƙwanƙwasa. A Berkeley ɗin, alal misali, akwai Cibiyar Townsend da aka kafa a 1987 domin fannonin harshe da adabi da tarihi da makamantansu, wadda ta shahara da ba da ƙananan tallafi ga rukunonin nazari da masu shirya lacca da taro, ɗaliban gaba da digiri na cikin masu nema. Jami'o'i da dama a can suna da irin wannan cibiya. Tsarin ba wani abin al'ajabi ba ne: a sanar da ranar rufe karɓar takardu, masu so su rubuta manufarsu da lissafinsu, kwamiti ya zauna ya zaɓa, bayan taro a kawo rahoto da rasidai. Na san za a ce waɗannan jami'o'i ne masu ƙumbar susa, mu kuwa ko albashi sai an yi yajin aiki. Ban musa ba. Sai dai abin da ya raba mu da su a nan ba yawan kuɗi ba ne, domin irin wannan tallafi a can ma ɗan kaɗan ne. Su dattijon ofishin kuɗinsu yana da kan da zai rubuta abin a ƙarƙashinsa.

Kuma kada a ɗauka baƙon abu nake son shigo mana da shi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa bayan an tashi daga gaban malam, ɗalibai kan koma gefe su yi muraja'a a tsakaninsu, wanda ya fahimta ya buɗe wa wanda bai fahimta ba, a yi gardama a kan i'irabin kalma guda har dare ya raba. Malamai da yawa a irin wannan zama bakinsu ya buɗe. A ɓangaren boko ma, ƙa'idojin rubutun Hausar da nake bi a wannan shafi ba a ofishin mutum ɗaya aka yanke su ba. An tattauna su a taron Bamako na 1966 da UNESCO ta kira, da zaman Kano na 1972, da taron Yamai na 1980 wanda ya nemi daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Kalmomin da muke koyar da nahawu da adabi da su a yau, da yawansu zaman masana ne ya tace su kafin a tattara su a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya yi wa edita a 1990. Waɗanda suka yi waɗannan zama yawancinsu sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya. Ga sababbin kalmomin kwamfuta da na likitanci da na shari'a suna jiran wani zaman, ga ƙananan harsunan Bauchi da Yobe da Filato da yaransu ke komawa Hausa kafin a rubuta su. Wa zai kira wannan zama nan da shekara 20, in waɗanda za su kira shi ba su taɓa shirya ko na mutum 30 ba?

Ba cewa nake yi babu kuɗin taro a jami'o'inmu ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wanda ya samo asali daga gwagwarmayar ƙungiyar ASUU da dokar harajin ilimi ta 1993, ya kuma ɗauki sunansa na yanzu a 2011, ya yi aiki mai yawa. Harajin da ke ciyar da shi ya tashi daga kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni zuwa 2.5 a dokar 2021, zuwa 3 a ta 2023, kafin dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu. Daga cikin ƙofofin da asusun ya buɗe akwai ta halartar taruka, kuma abokan aikina da dama sun ga duniya ta dalilinta. To amma ma'aikatan makaranta aka buɗe wa wannan ƙofa. Ɗalibin da ba ma'aikacin jami'a ba, irin malamin sakandaren nan da ya miƙo mini takarda, ba ya cikin lissafi, kuma irinsa ne suka fi yawa a azuzuwanmu. Ga shi kuma tafiya taro daban, shirya taro daban. Kuɗin da zai kai mutum ɗaya Turai ya karanta maƙala ta minti 20 ya ɗauki hoto, zai iya tara mutum 30 a gida su yi kwana biyu suna aiki. Duka biyun suna da amfani, amma ɗaya kawai muka sani.

Akwai uzurori da na ji, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko shi ne ɗalibai za su cinye kuɗin. Mai yiwuwa ne wasu su ci, kamar yadda wasu manya suke ci, kuma ba a rufe asusun manya saboda haka ba. Maganin shi ne a ba da rabi kafin taro, rabi bayan an kawo rasidai, wanda ya kasa kawowa a hana sashensa nema a shekara mai zuwa, za a ga yadda 'yan'uwansa za su tsaya a kansa. Uzurin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika faɗa ba, wato tsoron kada taron ɗalibai ya koma irin namu na manya. Mun san yadda muke yi. A sa buɗe taro ƙarfe goma, a jira babban baƙo har azahar, a gabatar da uban taro da uwar taro da mai masaukin baƙi da babban mai ƙaddamarwa, maroƙi na gefe yana aikinsa. Sai la'asar ta kusa a tuna da maƙalu, a ba kowa minti biyar, a raba takardar shaidar halarta wadda ita ce dama aka zo nema saboda ƙarin girma. In ɗalibai suka rasa tallafin jami'a, wajen 'yan siyasa da attajirai za su nufa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ba da kuɗi sai an ba shi kujerar gaba da lambar yabo da rabin wuni. Rashin tallafin ne ke tura su koyon wannan ɗabi'a tun suna ɗanye.

Saboda haka in da za a saurare ni a majalisar jami'a, ba sabon gini zan nema ba, ba kuma sabuwar cibiya mai darakta da mota ba. Cewa zan yi a cire wani ɗan kaso daga kuɗin da ɗaliban gaba da digiri suke biya da kansu kowace shekara, a ajiye shi da sunansa a littafin kasafi, a riƙa sanar da gasa sau biyu a shekara. Kwamitin zaɓe ya ƙunshi malamai da ɗalibai, kuma a rubuta ƙarara cewa ba a sayen kyautar baƙo ko jakar taro ko allon yabo da wannan kuɗi. A fifita waɗanda suka haɗa sashe biyu ko uku, domin ɗalibin tarihi da ke fama da takardun ajami da ɗalibin harshe da ya iya karanta su suna gini ɗaya amma ba su san juna ba. A kuma wajabta ajiye maƙalun, ko a ɗakin karatu ko a shafin jami'a na intanet, wanda ba ya cin kuɗin ɗab'i. Mu malamai kuma mu ja da baya. Wannan shi ne mai wuyar, domin na san halinmu, da an ji ƙamshin kuɗi za a ga sunan farfesa ya hau saman takarda, ɗalibai su koma masu jera kujeru. Ni kaina a ranar bitar nan sai da na kama kaina ina neman karɓe ragamar zaman rana, har babbansu ya matso ya ce mini a hankali, "Malam, a bari mu gwada." Na koma na zauna, kunya ta ishe ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan wuni shi ne gardamar da ta ɓarke a kan wata jimlar Warjanci, tsakanin mai nazarinta da wani ɗalibin da harshen uwarsa ne, wanda ya zo sauraro kawai daga sashen tarihi. Ya ce ta ji karin sautin ba daidai ba, ma'anar ta juye. Aka sake saka muryar har sau huɗu, ɗakin ya yi tsit, ta amince da gaskiyarsa, ta koma ta sake babi guda na kundinta. Da ba a yi zaman ba, da kuskuren ya wuce ni, ya wuce mai jarrabawa na waje, ya shiga ɗakin karatu ya zauna. Ba a rubuta wannan gardama a ko'ina ba, tunda kuɗin bugawa shi muka fara yankewa.

Makon jiya sun sake dawowa, yanzu su tara ne, har da biyu daga sashen tarihi da ɗaya daga sashen Larabci. A kan rubutun ajami suke son yin na bana, kuma sun riga sun sami wani dattijo mai tarin takardu da ya yarda ya zo da su. Na ce su mayar da kuɗin buga maƙalu cikin lissafi, su kuma yi kwafi biyu. Ɗaya na kai wa shugaban tsangaya, tare da roƙon a sa batun cikin ajandar zama mai zuwa. Ɗayan yana cikin aljihun teburina.